Shafin da Akuya Ta Cinye

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama Bajamushe ba. Ko na so in manta, surukina ba zai bari ba.

Ni ke kaɗa fiyano a cocinmu da ke Unguwar Rogo. Wata Asabar muna sharar ɗakin ajiya na tsinci wani tsohon littafin kiɗa, bangonsa duk ya yage. Na wani shahararren makaɗin Jamus ne, wanda ko wayoyin mutane na rera kiɗansa. Sai dai waɗannan ƙananan kiɗe-kiɗensa ne da ban taɓa ji ba. Na gwada ɗaya, na ce wannan zan koya. Wata biyu ina fama da shi duk sanda aka kawo wuta. A tsakiya akwai inda kiɗan ke yin tsalle kamar mota ta faɗa rami, na ce haka manyan makaɗa suke, ba kowa ke gane su ba.

A lokacin ina neman auren Rifkatu. Mahaifinta, Baba Yohanna, tsohon malamin makaranta ne mai tsare gida. Sau uku iyayena suna zuwa, yana cewa sai ya ga hankalin yaron tukuna. Sai ga bikin yayarta ya zo, na ce yau zai ga hankali.

Ana gama cin shinkafa na karɓi makirufo. "Jama'a, wannan kiɗa ni na tsara shi da kaina, saboda wannan gida mai albarka." (Har da dafa ƙirji, Allah ya yafe mini.) A Sakkwato wa zai sani?

Na kaɗa, mata suka rangaɗa guɗa. Alhaji Bello, maƙwabcinsu mai sayar da hatsi, ya ce, "Kai, wanga yaro shina da kai!" Ni kuwa sai fankama nake.

Sai Baba Yohanna ya taso a hankali.

"Ɗana, kai ka tsara?"

"Ni ne, Baba."

"Madalla. Ɗan matsa mini."

Ya zauna, ya ɗauko kiɗan daga farko ba littafi a gabansa. Da ya iso ramin nan nawa, sai ya wuce sumul da wani sashe mai daɗi da ban san da shi ba. Ya juyo, ga shi ba a kashe makirufo ba.

"Ka tsallake shafi biyu. Ba laifinka ba ne, akuyar matata ce ta cinye su tun Rifkatu ba ta fitar da haƙori ba. Littafina ne, ni na bar wa coci. Ashe tare da akuyar kuka tsara."

Wayyo! Aka fashe da dariya har amarya na share hawaye. Rifkatu ta rufe fuska da gyale. Na so ƙasa ta tsage in shige, na tabbata aure ya tashi.

Washegari na kai masa littafin, na durƙusa na ba da haƙuri. Ya karɓi littafin, ya ce, "Ƙaryar ban so ba. Amma wanda ya sha kunyar jiya ya iya dawowa da ƙafarsa, na ga hankalinsa. Zauna ka koyi shafin akuya, sannan ka turo iyayenka."

Yau 'ya'yanmu biyu, har yanzu in na yi sallama sai ya ce, "Ku ba Bajamushe kujera."

Abin da na koya? Kafin ka ce abu naka ne, ka buɗe shafin farko. Sunan Baba na nan ɓaro-ɓaro da jan biro, wata biyu ban duba ba.