Rasuwar 'Yar Maradi, Wayar Maɗugu Zakari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Maɗugu Zakari na Magama, wanda ya yi shekara hamsin yana ratsa dajin Jibiya zuwa Maradi bai taɓa tambayar kowa hanya ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, direbobin tasha da 'yan dakon bakin iyaka, rasuwar wayata wadda aka fi sani da 'Yar Maradi. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a tafin hannuna, tana da shekara shida. Ɗiyata Salmatu ke rubutawa, ni ke faɗa, don ban shiga boko ba, kuma ban ga abin da na rasa ba.

Marigayiya ta shigo ƙasar nan a aljihun wani direba, Faransanci kawai take ji, aka sha fama kafin ta saba da mu. Mai haƙuri ce, mai kunya. Sau uku tana faɗowa daga kan babur ba ta ce uffan ba. Ba ta taɓa kuka a cikin sahu ba, liman shaida ne, shi da ya ce wasan cikinta shagala ne amma bai taɓa kama ni da rashin jam'i ba.

Da gwiwa ta hana ni daji, Salmatu ta sa mini wasan faɗa a cikinta. Mutum guda ne da takobi, na raɗa mishi Ɗan Tauri, kana tura shi da babban yatsa cikin wata ƙasa mai duwatsu da koguna da dodanni. Tare da shi akwai taswira mai jin taɓi. Ka buɗa yatsu biyu ta matso, ka haɗa su ta ja baya. Ka taɓa nan ta nuna rijiya, ka taɓa can ta nuna inda aka ɓoye makami. In ka gama da wuri ka danna shi, sai ta ce "tin", ta shafa mishi kore. Ni da nake wa masu taswira dariya, ga ni ina gaishe ta da safe. Ban iya karanta sunayen ba, sai na sake musu suna: wancan dutsen Kusa, wagga fadamar Bugaje, gadar da dodo ke tare mutane kuwa na ce duwan, wato shingen kwastan. Wurare ɗari da goma sha biyu ne. Ɗari da goma sha ɗaya sun ce mini "tin". Yaran zamani su zo su gwada.

Saura kogon ƙarshe. To, a wasan nan akwai zango, inda ake hura wuta a zauna, wasan ya riƙe inda aka tsaya. Zangon da ke gaban kogon ƙarshe a gindin tsamiya suka yi shi, tsamiya sak, har da 'ya'yanta suna reto. Salmatu ta ce in sauka in hura wuta. Na ce mata matafiyin da ya san kansa ba ya sauka gindin tsamiya da rana tsaka, wurin yana da masu shi, kowa ya sani. Na wuce da Ɗan Tauri a guje.

A lokacin ciwon ajali ya riga ya kama marigayiya. Wata biyu tana zazzaɓi, bayanta ya kumbura har murfi ya ɗaga, caji ba ya zama a cikinta. Muna isa bakin kogo wani abu ya sari Ɗan Tauri a ƙafa, ya durƙusa, jininsa saura kaɗan. Na kai yatsa zan jawo shi, ta ce "ƙirr", fuskarta ta yi layi-layi, ta yi duhu. Ɗanmaraya mai gyaran waya a kasuwa ya buɗe ta, ya sunsuna, ya cire hula ya ce in yi haƙuri, injin ya ƙone.

Salmatu ta ce a sabuwar waya wani Ɗan Tauri zai tashi daga tsohon zango. Wancan wani ne. Nawa yana can durƙushe bakin kogo, ba wuta, ba taswira, yana jiran yatsana. Tun ranar in ganye ya motsa a tsakar gida sai in zabura. Ni da kura ta bi tun daga rafi har ƙofar gari, ni da na sha ruwan kwalara na tashi, yau inuwar bishiya nake kewayewa.

Salmatu ta ɗaga alƙalami tana kallona. Na ce ta rubuta, ba a ƙarya a kan gawa.

Duk wanda ya zauna tasha ya ji labarin faɗan tsamiya a bakina, yadda 'yan fashi bakwai suka tare ni shekara arba'in da uku da suka wuce na tarwatsa su ni kaɗai. Ba ni kaɗai ba ne, kuma ban tarwatsa kowa ba. Ina tare da Manu, abokin tafiyata, mijin Mariyamu ta Bugaje. Shi ya ce kada mu sauka gindin tsamiyar, ni na yi mishi dariya na sauke jakuna. Da suka faɗo mana, suka sare shi a ƙafa, ya durƙusa yana kiran sunana. Na ji shi sarai. Ban waiwaya ba. Bayan kwana biyu na koma na tarar da gawarsa, na haƙa rami da hannuna, na rufe shi, ba wanka ba salla. Na je na ce wa Mariyamu mun rabu a Maradi, ya bi ayarin arewa. Ta yi shekara bakwai tana leƙen hanya kafin ta yarda a raba auren. Har yau in mun haɗu a kasuwa sai ta tambaye ni ko an ji wani labari.

Ba wanda ya san wurin sai ni. Taswirarsa a cikin kaina take, kuma na ga yadda taswira ke tafiya: "ƙirr" ɗaya ne. Shekarata saba'in da takwas. Jiya na nemi sunan jikata na rasa. Ina tsoron in kwanta da wurin nan a raina, a tambaye ni a kabari ina na bar ɗan mutane.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda mai ɗaurin zare, da riga ta roba da ta yage a kunne, da layi biyu, na Nijar da na gida. Ta bar Ɗan Tauri, wanda ba a san halin da yake ciki ba. Ta bar tsoho guda mai yawan baki.

Ba za a yi mata salla ba, na tambayi liman ya harare ni, kuma da gaskiyarsa. Amma na roƙe shi ya zo duk da haka, don akwai wanda ke jiran addu'a a can. Za a taru ranar Asabar da hantsi a tashar Magama. Lawwali direba ya ba da motarsa har inda hanya ta ƙare, daga nan da ƙafa, gabas da busasshen rafi, ni ne a gaba in gwiwa ta yarda, in ba ta yarda ba a ɗauke ni. Za a rufe 'Yar Maradi a gindin tsamiya, taku huɗu daga wasu duwatsu uku da na jera da hannuna.

Ba a buƙatar goro ko dabino. A zo da fartanya da ruwan sha. Wanda wagga takarda ta fara isa gare shi a Bugaje, don Allah ya karanta wa Mariyamu ita tun daga farko, kada ya tsallake komai. An bar mata kujerar gaba. In ta ce ba ta zama mota ɗaya da ni, ni zan hau baya, wurin kaya.