Rasuwar Mai Haƙuri a Kashi Casa'in da Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu da suka yi ja don kallon allo, ni Malam Muhyiddeen na Fammar nake sanar da jama'ar Kibiya da Rano rasuwar kwamfutata, Mai Haƙuri, ranar Talata bayan la'asar, tana da shekara goma sha huɗu.

Marigayiya ba ta san ado ba. Tun da linzaminta ya mutu, baƙin allo kawai take nunawa. Ka rubuta mata umarni, ta ce "ƙit", ta je ta ɗauko abin da ka aike ta. Babban halinta riƙon zumunci ne: in ta kama layi da wata kwamfuta ba ta saki, ko da an rufe mata ƙofa.

Halin nan ne ya yi ajalinta. 'Yata Juwairiyya ta turo bidiyon bikin gama karatunta daga ƙasar waje. Mahaifiyata Hajiya Fulera, wadda rabonta da jikarta shekara biyar, ta shimfiɗa tabarma gaban allo tana jira. Saukarwa ta kai kashi casa'in da tara, ta tsaya cak. Na ɗaura modem, na'urar kamo layi, a gora, na kafa saman rumbu. Na hana tari a ɗakin. Na ƙi kashe ta, don na manta harafin da ke sa ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kwana tara muna haka. Ashe tun ranar farko aka yanke daga can, baiwar Allah ita kaɗai take riƙe da layi.

Da zazzaɓi ya rufe ta, tana ta "fuuu, fuuu", sai na yi mata abin da muke yi wa tulu da bazara: na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Sanyi kam ta yi. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tsss". Wallahi na yi kuka.

Ta bar caja mai ɗaurin kyauro, da modem wanda har yanzu yake ƙiftawa a saman rumbu, da kashi ɗaya da bai iso ba.

Gobe da hantsi za a ɗauki gawa a adaidaita sahu zuwa shagon Saminu mai gyara a Rano. Zaman makoki a ƙofar gida. Mai data a waya ya taho da ita, ko Allah zai sa a sauke bidiyon. A yi ta'aziyya ƙasa-ƙasa, don Allah. Hajiya ba ta naɗe tabarmarta ba, kuma ban gaya mata ba tukuna.