Daɓen Rumawa a Rufin Lurwanu

"Duk faɗin unguwar Hindawiyya, babu wanda ya san sirrin daɓen Rumawa sai ni!" in ji Lurwanu, yana bugun ƙirji har shayinsa na zuba.

Kai mai karatu, bari in gaya maka iyakar iliminsa: bidiyo uku a waya, na ukun ma barci ya kwashe shi tun a farko. Amma wata bakwai ke nan gogan naka ba aiki, ga Marwan, yayan matarsa, yana neman mai daɓe a otal ɗin da yake gyarawa a unguwar Misfala. Sai Lurwanu ya ce zai ƙawata rufin gidansu, Marwan ya zo bayan azahar ya gani da idonsa.

Da sassafe ya hau da siminti da buhun ƙananan duwatsu baƙaƙe wuluk. Matarsa Dalal ta biyo shi, ta kira shi da alkunyarsa.

"Abu Nawaf, baƙin dutse? A zafin ranar Makka?"

"Ke, dutsen marmaran da aka daɓe Harami da shi ba a rana yake kwana yake tashi ba? Ya taɓa ƙona ki? Dutse ai dutse ne!"

Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, wai ba a shiga wurin fasaha da datti.

"Rumawa ba sa jera dutse kamar haƙora," ya ce. "Layi ke bin layi yana lanƙwasa kamar tana, ido ya yi ta bi bai gaji ba."

"Ɗayyib, na ji. Daga ina suke farawa?"

Wannan kuwa yana cikin bidiyo na uku. Daga tsakiya ake farawa a fito waje.

"Daga bango mana! Yalla, sauka, kina tsare mini basira."

Sarkin Rumawan Hindawiyya ya duƙufa. Zagaye bayan zagaye, yana ja da baya yana waƙa, yana yi wa kansa kirari. Ana kiran azahar ya ɗaga kai. Ga shi tsaye tsakiyar rufi a fili kamar faifai, ɗanyen daɓe ya kewaye shi ta ko'ina, takalmi na can nesa. Rana kuwa ta dafa duwatsun nan har iska na rawa a kansu.

"Dalal! Jefo takalmi!"

Ta hawo, ta jefa. Ɗaya ya nutse a siminti, ɗaya ya wuce gidan maƙwabta.

Sai ga Marwan ya hau, doguwar rigarsa, farin tobi, fes.

"Masha Allah, ya mu'allim! Iso mana mu gaisa."

Kunya ta hana shi cewa ba hanya. Ya ɗaga kai irin na manya, ya taka.

"Wayyo Allah!"

Ya yi tsalle, ya dira, ya sake tsalle. Duwatsu na manne masa a tafin ƙafa, wasu na fallatsa sama kamar gugguru. Maimakon ya miƙe ƙofa, ruɗewa ta sa ya bi layin nasa mai lanƙwasa, zagaye uku cur, kafin ya zube a gaban baƙo. Dalal ta riƙe ciki, hawaye na zuba don dariya.

Marwan ya dubi rufin, ko layi ɗaya bai tsira ba. Ya gyaɗa kai.

"Halas, shi ke nan, na ɗauke ka aiki. Gobe ka zo Misfala."

Lurwanu ya washe baki daga kwance. "Kin ji ko, Dalal? Gwani ya ga gwani!"

"Ƙwarai," in ji Marwan. "Sati biyu ina neman mai fasa tsohon daɓe, ban taɓa ganin mai saurinka ba."