Rasuwar Na-Kowa, Fom ɗin Makarantar Tuƙinmu

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, ni babban ɗan gidan nan, a madadin mahaifinmu, da ƙanwata Auta, da duk malaman makarantarmu ta koyon tuƙi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar fom ɗinmu na ajiye lokacin darasi a shafin intanet, wanda aka fi sani da Na-Kowa. Ya rasu ranar Talata da hantsi bayan jinyar kwana shida. Ya bar duniya yana da shekara goma sha ɗaya, wanda a lissafin kayan intanet ya haura ɗari.

Da hannuna na rubuta marigayin, a kan teburin ofis mai gajeriyar ƙafa da muke tokarewa da littafin alamomin hanya. Na gina shi a kan wani tsohon tsari, irin harsashin da ake ɗora shafuka a kai, wanda ko a lokacin masana sun fara yi masa kallon tausayi. Gurabe huɗu gare shi: suna, lambar waya, rana da lokaci, sai koren maballi a ƙasa. Kafin zuwansa, littafi muke amfani da shi, kuma sau biyu aka ba hammata iska a bakin ƙofa kan darasin ƙarfe takwas. Da ya zo, gida ya zauna lafiya.

Duk wanda ya yi hulɗa da marigayin zai shaide shi da karamci. Bai taɓa tambayar baƙo daga ina yake ba. Wanda ya rubuta lambar waya a gurbin suna, ya karɓe shi. Wadda ta nemi darasi ranar talatin da ɗaya ga Fabrairu, ya ba ta, har ya tuna mata ta zo da wuri. Yana buɗewa a waya mai fasasshen gilashi, yana buɗewa ko sabis sanda ɗaya ne. Magana ɗaya muka san shi da ita tsawon rayuwarsa: ya yi ƙara “ƙiling”, sannan ya ce, “An karɓa, mun gode!” Mahaifinmu kan ce halin kakanmu ya ɗauko, wanda ɓarawo ya taɓa shiga gidansa ya tambaye shi ko ya ci abinci.

Wannan hali shi ne ya zama ajalinsa.

Muna da wani ɗalibi, magidanci mai gyaran firinta, da ake kira Ribas, saboda a wata shida na koyo bai taɓa sa mota ta yi gaba da niyya ba. Dokarmu darasi biyu ne a mako ga kowa, shi kuma yana ganin ba su ishe shi ba. Ya lura cewa marigayin yana barin ɗalibi ya bar wa wani lokacinsa. Sai ya haɗa wani shafi nasa, ya sa hoton akuya riƙe da sitiyari, ya tura zauren hirar ɗalibai na waya. Duk wanda ya danna don ya ga akuya, shafin nan sai ya aika wa Na-Kowa saƙo a ɓoye daga wayar mutumin, cewa ya bar wa Ribas darasinsa. Marigayin ya ga saƙo daga wayar da ya sani, bai zargi kowa ba. Sau tara ya ce an karɓa, sau tara ya yi godiya.

Ranar Litinin, Kawu Birki, babban malaminmu kuma ƙanin mahaifiyarmu, ya buɗe mota ƙarfe takwas ya tarar da Ribas. Suka yi awa guda suna baya. Da lokaci ya cika, Ribas ya fita, ya zagaya motar, ya sake shiga, ya gaishe shi kamar yau suka fara haɗuwa. A darasi na biyar Kawu ya shigo ofis wuyansa a karkace saboda waige, ya ce da ni, “Ɗana, duba mini takardar nan. Ko dai ni ne na zautu, ko uwar mutumin nan tara ta haifa iri ɗaya.”

Ban gama dubawa ba wata ungozoma ta shigo. Ranar Juma'a za a gwada ta a ba ta lasisin tuƙi, kuma sai da ta yi musayar aiki da abokiyarta kafin ta samu wannan awar. Ta dafa teburin har littafin alamomin hanya ya zame. Ta ce, “Haihuwa uku na karɓa yau ban zauna ba. Yanzu ka dube ni ka ce na yi kyauta da darasina? Malam, akuya kawai na kalla!”

Nan muka kira Auta, wadda gina shafuka shi ne sana'arta. Ta buɗe cikin marigayin ta ƙura masa ido, irin kallon likitan da ya ga hoton ƙirji. Sannan ta ce, “Yaya, wannan ba fom ba ne, ƙofa ce ba ƙyaure.” A cikin kwana biyu ta kwashe shafin makarantar gaba ɗaya ta mayar kan sabon tsari. Shi sabon tsarin mai gadi ne marar fara'a. Duk wanda ya buɗe shafinmu yana ba shi hatimi, wata lamba ta sirri, kuma duk saƙon da ya dawo ba hatimin, ko daga wayar limami ya fito, waje.

Na roƙi Auta a tafi da Na-Kowa sabon gida, ta yarda don darajar girma. Daga nan jinya ta fara. Muka ba shi hatimi, ya sa a cikin wasiƙa, alhali mai gadi a bayan ambulan yake dubawa. Muka gyara, ya kira hatimin da sunan da ake kiransa a zamaninsu, mai gadi ya ce bai san wannan ba. Muka koya masa sabon suna, ya riƙa kai hatimin jiya, domin marigayin mutum ne mai adana kaya, ba ya yar da abin da bai lalace ba. Kowane karo amsa ɗaya ce a farin allo: 403, wato an hana shiga. Tun yana “ƙiling” da ƙarfi, har ya koma yi a shaƙe, har ya daina.

A nan dole in faɗi laifina, tunda ranar gaskiya ce. Akwai layi ɗaya da ake rubutawa a ce wa mai gadi ya ƙyale wane ya wuce ba bincike. Na nuna wa Auta. Ta ce, “Yaya, ka rubuta layin nan, ni kuma in ba ungozoma lambar wayarka ta gida.” Da ta fita cin abincin rana, na rubuta.

Marigayin ya farfaɗo nan take. Ya yi “ƙiling” irin na ƙuruciya, har na share hawaye. Abin da ban sani ba, akuyar nan tana nan tana yawo, ɗalibai suna ta tura wa juna saboda ta ba su dariya. Ba a yi awa biyu ba sai ga Ribas da kansa, wanda ya riga ya tuba a gaban mahaifinmu, ya shigo yana ɗingishi. Ya ce, “Don girman Allah ku rufe abin nan. An sake ba ni darasi bakwai. Ƙafata ta kumbura, Kawu kuma ya ce in ya sake ganina zai ajiye aiki.”

Da hannun da na rubuta layin na goge shi. Washegari na danna koren maballi, ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, sannan allo ya yi fari. Auta ta dafa kafaɗata, ta rufe kwamfutar a hankali.

Marigayin ya bar koren maballinsa, wanda Auta ta amince a ɗauki launinsa a sa wa magajinsa. Ya bar fayiloli goma sha huɗu, cikinsu akwai “na ƙarshe”, da “na ƙarshe na gaske”, da “wannan dai shi ne”. Ya bar magaji, sabon fom, yaro mai tarbiyya da tsare gida, wanda har yau bai gode wa kowa ba. Ya bar ungozoma, wadda Kawu ya ba ta darussan Ribas duka, ta kuma ci gwajinta ranar Juma'a, ta zo ta yi mana hon sau uku a bakin ƙofa. Ya bar Ribas, wanda jiya ya yi gaba taku huɗu, bisa kuskure. Ya bar ni.

Muna roƙon duk wanda marigayin ya saɓa wa ya yafe masa, musamman baiwar Allahn da har yanzu take jiran ranarta a Fabrairu.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe a ofishin makaranta. Auta ce za ta danna maballin gogewa, domin ni hannuna ba zai iya ba. Za a sa kwafinsa a filash, 'yar ma'ajiyar kwamfuta, a naɗe a ambulan, a ajiye a aljihun tebur na ƙasa, kusa da makullan motocin da muka sayar. Za a zauna karɓar gaisuwa a bencinan gaban ofis har azahar. 'Yan uwa da maƙwabta suna iya zuwa da abin hawansu, akwai wurin ajiyewa. Ɗalibanmu kuwa, tsofaffi da sababbi, iyali na roƙonsu da babbar murya su zo a ƙafa. Gawa ɗaya ta ishe mu a mako.