Tantan Ƙarama da Tantan Babba

Wallahi ko rantsuwa na yi muku sau bakwai ba za ku yarda da labarin nan ba. Bayana da ke ciwo shi ne shaidata. Bari in jingina da bishiya tukuna.

Ni ne Isiya, wanda ake kira Injiniya a Tungar Maje. Ni na raɗa wa kaina sunan. Aji biyu na yi a makarantar koyon sana'a, na ga malaman ba su da abin da za su ƙara mini, na bar musu kayarsu. Masu cewa kora ta aka yi, hassada ce ke cin su.

A gidan Kawu Sallau, yayan mahaifiyata, nake zaune. 'Yan gidan huɗu ne: Kawu, ɗansa Mantau, Lantana matar Mantau, sai tantan. Ni baƙo ne, shekara shida ke nan. Tantan ɗin tsohuwar motar noma ce da Kawu ya saya tun Mantau yana rarrafe. An ce ja ce a da. Ba ta da batir, don haka a kan tudun tsamiya ake ajiye ta. Da safe a cire dutsen da ke tare tayarta, ta gangara, ta yi tari uku, ta tashi. Shanun huɗa kuwa tuni Kawu ya sayar da su saboda ita. In ta tsaya, noman gidan ya tsaya.

Mantau taubashina ne, kun ga tsokanarsa ta halatta gare ni. Ƙato ne, ga ƙarfi, ga ladabi. Aibinsa ɗaya: abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana Kawu ya ce, "Mantau, tsaya nan, kar ka bar kowa ya hau motar nan." Ya shiga gida ya sha fura, ya fito zai tafi gona, Mantau ya sha gabansa.

"Baba, an ce kar a bar kowa."

"Wa ya ce?"

"Kai."

"To ai ni ne."

"Ba ka ce ban da kai ba."

Kawu ya dube shi, ya dubi sama, ya ce, "Allah na gode maka." Haka yake cewa in ya gaji.

Wata rana Kawu ya ce in koya wa Mantau kula da mota, tunda ni na yi boko. Na samo gwangwanaye da karan dawa da waya, na ƙera tantan ƙarama mai cika tafin hannu biyu. Tayoyi na tsohon silifa, sitiyari murfin kwalba, tanki gwangwanin madara. Har lotsawar da ke goshin babbar sai da na lotsa mata. Duk ƙasar nan ba mai iya wannan sai ni.

Na ce, "Mantau, duk abin da ka ga na yi wa ƙarama, ka je ka yi wa babba. Kuma kar ka gaya wa kowa."

"To, Injiniya."

Na goge ta da tsumma, ya je ya goge babba tas. Sai shaiɗan ya raɗa mini wani abu, na tsoma ta cikin kwanon ruwa. Ban jima ba na ji ihun yara. Mantau ya cire dutse, ya karkata sitiyari, tantan ta gangara har cikin kududdufi, ruwa ya kai mata ciki. Shanu huɗu na aro da rabin mazan gari suka wuni suna ja.

Kawu, da laka har gemu, ya ce, "Mantau, me ya kai ta nan?"

"Wanka, Baba."

Yanzu ga inda nawa laifin yake, in ma laifi ne. Wata rana ina zuba man gas, murfin tanki ya suɓuce cikin ciyawa, na neme shi na rasa. Na yagi wani yanki na tsohuwar rigar makarantata na toshe bakin. Kwana biyu, girgizar hanya ta tura tsumman ciki. Na leƙa, duhu. Na cusa totuwar masara a bakin, na ce wa Kawu murfin ya kwance ne tun ranar wanka.

Daga nan tantan ta kama ciwo. Ta yi kunya biyu sai ta shaƙe ta mutu a tsakiyar gona. Sai an taru an tura ta har kan tudu, ta gangaro, ta yi kunya biyu, ta sake mutuwa. Damina ta zauna. Masarar maƙwabta ta kai idon sawu, gonar Kawu ciyawa ce zalla, iri yana cikin buhu.

Kawu ya ce, "Injiniya, me ke damun ta?"

Na ce, "Tsufa ne, Kawu. Ga kuma wankan da Mantau ya yi mata."

Wata rana, don laifin ya ƙara zama a kansa, na zare tayar gaba ta ƙarama a gaban idonsa, na tallafe ta da guntun icce. Kafin azahar Mantau ya kwance tayar babba, ya tallafe motar da turmin Lantana.

Lantana ta fito da taɓarya a hannu. "Ina turmina? A me zan daka, a kanka? Kai ma Injiniya kana zaune ba ka hana shi ba?"

Na ce, "Wa ya isa ya hana mijinki?"

Turmin ya tsage kafin a mayar da tayar. Ranar dafaffen rogo muka ci.

Ran Laraba Kawu ya ce, "Na gaji. Jibi mai sayen tsohon ƙarfe zai zo ya yanka ta ya ɗora a sikeli. Gona kuma, abin da hannu ya iya." Mantau ya tashi ya je ya dafa goshin tantan, ya daɗe a tsaye. Ni ma tsokanar ta fita raina. Na so in faɗi gaskiya, amma mutum irina da wane baki zai fara?

Washegari ina bayan rumbu da tantan ƙarama a hannu, haushi ya kama ni. Na fizge gwangwanin madarar, na kifa shi, na girgiza, na bubbuga shi da ƙasa, na ce, "Kai ka ja mini!" Ban san Mantau yana tsaye a bayana ba.

Da la'asar sakaliya muka ji Lantana tana salati. Mantau ya kwashe mata robobi ya juye man gas a ciki, ya kwance tanki da sifana, ya ɗaga shi a kife yana girgizawa yana bubbuga shi da ƙasa. Kawu ya zo, ko tsawa bai yi ba, ya nemi dutse ya zauna.

"Bar shi, Lantana. Gobe ma yanka ta za a yi."

Sai wani baƙin abu ya faɗo, ɗil, da laka a jikinsa. Kawu ya sa tsinke ya baje shi. Aljihun riga ne, da bajon makaranta, da suna a ɗinke da jan zare, ɗinkin mahaifiyata. Kawu bai yi boko ba, amma Lantana ta gama firamare, ta kuwa karanta da ƙarfi har sau biyu.

Kawu ya ce, "Mantau, wa ya ce ka cire tanki?"

"Ba zan faɗa ba, Baba. Injiniya ya ce kar in gaya wa kowa."

Aka mayar da tanki, aka tace mai aka zuba, aka cire dutse. Tari ɗaya ta yi ta tashi, ba ta tsaya ba sai da aka kira magariba. Mai sayen ƙarfe ya zo Juma'a ya koma da sikelinsa. Yanzu a gari Mantau ake kira Injiniya.

Tantan ta huɗe gonar duka ban da gefen fadama, Kawu ya ce a bar mini. Ya miƙo mini garmar hannu, ya ce, "Mantau, tsaya a kansa. Kar ya zauna sai ya gama."

Yau kwana uku. A tsaye nake cin tuwo. Zaman tahiya ma sai da ya je ya tambayo Kawu. Ɗazu na ce, "Haba taubashi, ai Kawu wasa yake yi."

"Bai ce wasa ba ne."

Saura kunya goma sha tara. Da na ci gaba da ba ku labari, to amma ga shi nan ya tsare ni da ido, yana tunanin ko jingina ma zama ce.