Gaisuwar Suruki a Ƙarƙashin Ƙarfe

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, lokacin ina koyarwa a Minna cikin shekarun tamanin. Tumbi na ajiye na ji da gani, har ɗalibai suna kirana Malam Randa a bayan idona. Na rage tuwo, na daina sakwara (ban da ranar Juma'a, ni ma ɗan Adam ne), ina gudu da safe. Na ɗan zabge, daga nan jikin ya tsaya cak. Sikelin asibiti ya kafe wuri ɗaya kamar an yi masa asiri.

Wani abokina mai walda a unguwar Limawa ya ce gudu kaɗai ba zai yi ba, sai na haɗa da ɗaga ƙarfe. Ya haɗa mini sandar ƙarfe da gwangwanaye cike da siminti, ya ce in bi a hankali. Ni sarkin gaggawa, na ɗaura bulo a kowane gefe.

Ranar Asabar ɗin, mai ɗakina ta shiga maƙwabta. Na kwanta a benci a tsakar gida, daga ni sai gajeren wando. Na ɗaga, na sauke, ƙarfe ya zauna a ƙirjina ya ƙi tashi. Sai ga sallama. Na amsa da kyar, ashe surukina ne daga Wushishi, dattijon da ko hula ban taɓa cirewa a gabansa ba.

Yana hango ni babu riga ya kau da kai, ya fuskanci bango don ya rufa mini asiri, ya fara gaisuwa. Ya gida, ya aiki, ya yara, ya ruwa. Kunya ta hana ni neman taimako. Idanuna sun firfito, ina ta amsa lafiya lau. Har na tambaye shi mutan gida (kada a ce ba ni da tarbiyya), shi kuwa ya shiga lissafo su ɗaya bayan ɗaya.

Can ya ce, "Na ji muryarka ta shaƙe. Mura ce?"

Na ce, "Baba, mutuwa ce."

Ya juyo, ya yar da sandar da yake dogarawa, ya cicciɓi gefe ɗaya na ƙarfen, na mirgino ƙasa ina haki, ina kuma ƙoƙarin durƙusawa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "Je ka sa riga mu sake gaisawa, waccan ba ta karɓu ba."

Tumbin dai ya sauka daga baya, da gwangwanayen kawai. Amma tun ranar na gane kunyar suruki abu ne mai kyau, sai dai mai numfashi ne ke yin ta.