Jan Jirgi da Gaisuwar Hannu Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta ɗalibaina ba za su bari ba, ranar da na tayar da jan jirgina a filin ƙwallon makarantarmu da ke Yelwa.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare, kuma cutar ƙaramin jirgin sama mai tashi da rimot a hannun Baba Manu na ɗauke ta, wani dattijo mutumin Wara da ya yi ritaya daga aikin injinan lantarki. Da rani, in tafki ya ja baya ya bar fili fetal kusa da gonakin albasa, can yake zuwa da la'asar, jiragensa ɗaure a bayan babur. Jama'a, ban taɓa ganin hannu irin na bawan Allahn nan ba! Zai zauna a 'yar kujerarsa, rimot a cinya, yana ba ka labarin ciwon gwiwarsa, jirgi kuwa na can sama yana alkafura, ya kifa ciki sama, ya biyo saman ruwa har masunta su tsai da kwalekwale suna kallo. Yatsunsa ma da ƙyar za ka ga sun motsa.

Da jirgin koyo ya fara ni, wani fari mai fukafukai a sama da muke kira Gwaggo saboda haƙurinta. Ba ta sauri, ba ta fushi. Dokar farko da ya ba ni ita ce: "In ka rikice, saki sandunan rimot, ta san hanya." Haka ne kuwa, kana saki za ta miƙe da kanta. Sannan rimot ɗina a haɗe yake da nasa. Akwai wani ɗan makunni a ƙarƙashin yatsansa, yana taɓawa tuƙi ya koma hannunsa, ni kuma in yi ta murza sanduna a banza ban sani ba (ku riƙe wannan, za mu dawo kansa).

Burina shi ne in kafa ƙungiyar jirage a makaranta, yara su taɓa abin da nake zana musu a allo. Firinsifal ɗinmu, dattijo mai tsare gida, ya ce wasan yara ne. Da na ishe shi da naci ya ce, "To, ka zo ka gwada muna a fili. In da ilimi ciki in ba ka ɗaki. In babu, kada in ƙara jin zancen."

Nan fa girman kai ya motsa. Na dubi Gwaggo na ce ina, wannan tafiyar hawainiyar ba za ta burge kowa ba, lokaci ya yi da zan mallaki jirgin manya. Na je zauren Baba Manu da hotunan jiragen sayarwa a waya. Ya ɗora tabarau, ya duba, ya nuna wani matsakaici mai launin toka.

"Wanga shi ad daidai da kai. Yana alkahura kaɗan, kuma yana yafiya."

Ni kuwa idona na kan wani ja wur, fukafukansa a ƙasa, ƙugunsa siriri. Tun kafin in saye shi na raɗa masa suna Shaho.

"Malam, wanga ba ya gyara ma kuskure," in ji Baba. "Inda ka aje shi nan shika zama. In ka kifa shi, a kife za shi har ƙasa."

Sai na gyara zama na karanto masa darasin iska da fukafukai (ni, wai ina koya wa Baba Manu yadda jirgi ke tashi!). Ya saurare ni tsaf, bai katse ni ba, ya ce, "Allah shi sa albarka."

Na yi oda daga Legas, Shaho bai iso tasha ba sai ana gobe ranar da Firinsifal ya sa mana, don haka ko gwaji ban samu yi ba. Baba ya tafi da shi gida ya haɗa. Na ce, "Baba, don Allah a cire haɗin rimot ɗin nan, gaban ɗalibaina ne." Ya ce, "To." Na san "to" ɗin dattijo ba alkawari ba ne, amma ranan zumuɗi ya toshe min kunne.

Washegari fili ya cika. Ɗalibai sun kewaye, malamai na inuwa, har masu kabu-kabu sun tsaya a bakin shinge. Baba Manu ya koma can gefe ƙarƙashin dogon yaro, ya baza babbar riga a kan gwiwoyinsa kamar ɗan kallo. Ni kuwa na kafa sabuwar hula, rimot rataye a wuya da igiya, ina ta yi wa yara bayani da ƙarfi don Firinsifal ya ji.

Shaho ya tashi kamar kibiya. A kwanar farko na ba shi irin taɓawar da nake ba Gwaggo, ai kuwa sai ya kife, ya sa hanci ƙasa, ya nufi rufin ofishin malamai. Na ce innalillahi, na yi abu ɗaya tak da na iya: na saki sanduna.

Sai ga Shaho ya miƙe, ya yi sama, ya mirgina, ya sake mirginawa. Fili ya kaure da ihu.

Mai hankali a nan zai waiwaya ya dubi gindin dogon yaro. Ni kuwa cewa na yi a raina, "Au, ashe tsorata ni kawai Baba ya yi!" Na cafki sanduna na shiga murzawa, ina karkata jiki, har da cije leɓe. Duk abin da na taɓa sai ya fito da kyau. Wani lokaci in tura hagu ya yi dama, sai in ce iskar tafki ce. Wallahi har mamakin kaina nake, wai duk baiwar nan na kwance a jikina ban sani ba.

Abin ya tsuma Firinsifal. Ya taso, ya ratso fili, ya miƙo min hannu yana cewa, "Malam, wanga abu ilimi na! Barka, barka!"

To, mutumin nan sa'an mahaifina ne, Inna kuwa ba ta raine ni in ba babba hannu ɗaya ba. Ban ma yi tunani ba. Na saki rimot ya koma yana lilo a ƙirjina, na kama hannunsa da hannuwana biyu, na rusuna. Kun kuma san gaisuwarmu ba a yi mata gaggawa: ya gajiya, ya iyali, ya ƙafar Inna, an samu sauƙi?

Muna cikin ƙafar Inna Shaho ya yi abin da ya fi komai kyau a ranan. Ya miƙe sama sak, ya tsaya cik a iska, ya sulalo, ya kewayo fili a hankali, ya sauka ko ƙura bai tayar ba, ya gangaro har gabanmu ya kashe farfela.

Firinsifal ya dubi jirgi, ya dubi hannuwana biyu cikin nasa, ya dubi rimot da ke lilo.

"Malam," ya ce a hankali, "da mi kaka tuƙi?"

Idanu suka shiga nema. Can gindin bishiya ga Baba Manu yana ta ƙoƙarin tura wani abu cikin babbar riga, eriya kuwa ta leƙo ta hannun rigar. Dariyar da aka fashe da ita, na tabbata an ji ta har kasuwar kifi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kunya dai ga ta, amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne na kashe wa yaran nan ƙungiya da hannuna.

Baba ya tako da gwiwarsa mai ciwo, ya gai da Firinsifal ya ce, "Ranka shi daɗe, tashin nashi na, ni taya shi kawai na yi." Har a lokacin rufa min asiri yake. Wannan ya fi dariyar karya min zuciya, sai na ce, "Ranka ya daɗe, tun kwanar farko ba ni ba ne. Da ba don shi ba, da yanzu muna tsintar jirgi a kan rufi."

Firinsifal ya share hawayen dariya da gefen hula. "Ɗaki na ba ku," ya ce. "Baba shi ka koyarwa. Kai kuma, Malam, ka zauna layin gaba, da 'yan aji ɗaya."

Muna ɗaure kaya a babur na tambayi Baba me ya sa bai jira na gama gaisuwa ba. Ya ce batir ne ya kusa ƙarewa, dole ya sauke. Sannan ya girgiza kai yana murmushi.

"Hannu biyu, Malam! Da ko guda ka bari bisa rimot, da mun tsira da mutuncinmu."

Shaho na nan rataye a ɗakin ƙungiya, sai Baba ya zo ake sauko da shi. Na koma wa Gwaggo, kuma bana nake sa ran a ɗaga ni zuwa mai launin toka. Ɗalibai kuwa har yau in za su gaishe ni sai su kamo hannuna da hannu biyu, su ɗaga kai suna duban sama.

Tun daga ranan, in na ga abu yana yi min kyau fiye da iyawata, kafin in gyara hula sai na waiwaya na ga wa ke zaune a gindin bishiya.